Kantar Ƙarshen Shago

Duk shagon littattafan da ka shiga a Montréal, kafin ka gama karkaɗe ƙanƙarar takalminka za ka ci karo da kantar 'yan gida, marubutan Kebek. Ita ce a bakin ƙofa, ita ke da fitila mai kyau. Gaba kaɗan ta Faransawan Faransa ce, waɗanda ake zagi a bayan ido ana kuma cire musu hula. Mu kuwa sai ka wuce littattafan girki da na kiwon karnuka, ka kusa ƙofar banɗaki, sannan ka same mu a cunkushe: ɗan Haiti a kan ɗan Lebanon, ni 'yar Aljeriya a jingine da wani ɗan Kongo da ban taɓa gani ba. Da Faransancin nan ɗaya muke rubutu da na bakin ƙofa, sanyi ɗaya ke cin ƙashinmu, amma a kan kanta ba ma zama kusa.

Ni abin bai taɓa hana ni barci ba. Sunana Ouardia, kuma tun saukata garin nan na gane abin da suke so a wurina: uwa mai hawaye, tukunyar kuskus, ƙarar bindiga a bayan gida, sai jirgin da ya kawo ni. Na dafa musu, sun ci, sun ce da daɗi, ba na jin kunyar kowa. Wanda abin ya ci wa rai shi ne Séverin Akpovi.

Séverin mutumin Porto-Novo ne ta ƙasar Benin, ya zo Montréal tun ina 'yar firamare a garinmu. Ya koyar da Faransanci a sakandare har ya yi furfura, yaran da ya gyara wa rubutu yanzu wasunsu jikoki gare su. Littattafansa na farko a kan mahaifinsa ne, wanda ya yi wa baturen mulki tafinta, ya mutu mutanensa na ce masa bawan Bature, Bature na ce masa yaro. Malaman jami'a sun yi kiwo a kan littattafan nan har sun yi ƙiba. Duk lokacin da za a yi taro a kan hijira da asali sai a aiko masa da goron gayyata, a zaunar da shi a ƙarshen tebur, a tambaye shi ko yana kewar gida.

Matarsa Ghislaine 'yar wani ƙauye ce kusa da Rimouski, can inda kogi ya yi faɗi har ba a hango ɗaya gaɓar. Ranar da ta ce shi za ta aura, ubanta ya ce ya haifi 'ya ɗaya ce tak, wato ƙanwarta Réjeanne. Uban ya mutu, uwar ta bi shi, amma maganar ba ta mutu ba. Réjeanne ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma taɓa zuwa gidansu ba. Sai ranar jana'izar Ghislaine na fara ganinta, a layin baya na coci, ta miƙa wa Séverin hannu kamar wanda ta haɗu da shi a layin banki, ta koma ta kama motarta.

Ina wurin a asibiti lokacin da Ghislaine ta ɗora masa nauyin. Murya ta riga ta tafi, amma bakin yana nan.

"Ka rubuta ubanka har duniya ta haddace shi," ta ce. "Ni fa, tsohon banza? Ka rubuta ni. Ba don malamanka masu gemu ba. Yadda Réjeanne za ta karanta."

Ya rubuta. Na karanta kafin kowa, kuma na ji haushi, irin haushin marubuci idan ya ga an fi shi. Babu Afirka a ciki ko ta layi ɗaya. Akwai matakalar ƙarfe ta wajen gidansu, wadda Ghislaine ke barbaɗa wa gishiri da safe don ƙanƙara ta narke, tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro ta. Akwai faɗansu a kan buɗe taga. Babin farko kuwa yara mata biyu ne a bakin kogi, ruwa ya janye, taɓo ya haɗiye takalmin ƙaramar, babbar ta goyo ta har gida ta ce ita ce ta yar da shi, ta sha dukan. Ya sa wa littafin suna *Matakalar Waje*.

Ranar da kwalin littattafan ya iso daga kamfanin ɗab'i ya kira ni in zo mu buɗe tare. Ya sa farar riga, ya dafa shayi. Ya yanka kwalin, ya zaro na sama, sai ya tsaya.

A bangon akwai wata ƙatuwar bishiyar kuka, da jar rana tana faɗuwa a bayanta. Sunan ya koma *Nesa da Ƙasar Uba*. A baya an rubuta wai muryar ɗan gudun hijira ce mai neman saiwarsa, an kuma manna wani tsohon hotonsa da babbar riga da hula, wanda aka ɗauka tun gashinsa na baƙi. Sunan Ghislaine bai fito ko'ina ba.

"Ƙanwata," ya ce, "ko dai kwalin wani suka aiko mini?"

"Buɗe ciki mana, Malam."

Ya buɗe. Yara biyu a bakin kogi, nasa ne.

"Kuka!" ya ce. "A Porto-Novo ma kwakwa muke da ita. Ni da kuka sai a littafin makaranta."

Washegari na raka shi wurin mai ɗab'in, Normand, mutum mai fara'a wanda ke rungumar ka yana duba agogo ta bayan kafaɗarka. Ya tuna masa cewa an aika masa da samfurin bangon tun kaka. Gaskiya ne, an aika, Séverin ne a lokacin yana cikin makoki, ko takardar kuɗin wuta ba ya buɗewa.

"Séverin, abokina, masu karatu sun san ka da wannan," in ji Normand. "Idan na sa matakala da dusar ƙanƙara, ka shiga tsakiyar 'yan gida ɗari masu matakala da dusar ƙanƙara, ka ɓace. A can baya kuwa kai sarki ne."

"Sarkin ƙofar banɗaki," na ce.

"Ouardia, ke ma a can kike, kuma ba ki taɓa kuka ba."

"Ni abin da ke bangona shi ke cikina. Shi matarsa ce a ciki, 'yar Rimouski, ta fi ka zama 'yar gida."

Normand ya ɗaga hannuwa. Ya ce ajin littafi an riga an shigar da shi na'ura, kowane shago daga nan har bakin teku abin da na'ura ta faɗa yake bi, sai dai a bugu na biyu a duba. Mu duka ukun mun san littafi irin wannan ba ya ganin bugu na biyu.

A hanya na ce masa, "To ka sa ɗaya a ambulan ka aika wa Réjeanne, a wuce wurin."

"A'a."

"Don me?"

"Abin da na aika roƙo ne. Na gama roƙon gidan nan tun ina da haƙora. Ghislaine ta ce 'yar'uwarta duk Asabar sai ta shiga shagon Rimouski, ta tsaya a kantar gaba, ta ɗauki sabon da ya fito. So nake ta miƙa hannu ta same ta a can, tsakanin mutanenta. Daga can aka kore ta, can zan mayar da ita."

"Girman kai zai kashe ka, tsoho."

"Ya makara," ya ce.

Daga nan ya samu sabuwar sana'a. Duk Asabar sai ya sa doguwar rigar sanyinsa ya bi shagunan gari. Ya wuce girki da karnuka, ya kwaso littafinsa daga baya, ya kawo kantar gaba, ya cusa shi wurin harafin A, ya shafa gefensa ya yi daidai da na maƙwabta. Kafin wata Asabar ma'aikata sun mayar da shi inda na'ura ta ce, shi kuma ya sake kwasowa. Na bi shi sau da yawa, ina gadi kamar matar ɓarawo, ina yi masa tsiya. Dariya nake, amma raina ɓaci yake, don ban taɓa ganin dattijo mai mutunci irinsa yana leƙe-leƙe ba.

A wani babban shago na titin Saint-Denis aka kama shi. Ya rungumo kwafi uku a ƙirji, rigar ta ɗan rufe su, sai ga shugabar shagon da mai gadi a bayanta.

"Ranka ya daɗe, ina za a kai waɗannan?"

"Gaba kaɗan, Madam. Nawa ne, ni na rubuta."

Ta karɓi ɗaya, ta juya baya, ta dubi saurayin nan mai babbar riga, ta dubi tsohon da ke gabanta da hular ulu da hanci mai yoyo.

"Wannan ba kai ba ne."

"Wallahi kin yi gaskiya," ya ce.

Sai da ya fito da katin asibitinsa ta ga sunan. Nan take ta rikice, ta shiga ba da haƙuri, ta ce abin alfahari ne, har ta ce a kawo masa kujera. Ta yi alkawarin a watan Fabrairu, watan tunawa da baƙar fata, za ta sa shi a tebur na musamman a bakin ƙofa. Ta cika alkawari kuwa. Ghislaine ta yi wata guda a kwance tsakanin littafin cinikin bayi da na girke-girken Senegal, da watan ya ƙare aka mayar da ita baya.

Da ƙanƙara ta narke ya ce in kai shi Rimouski, tunda idonsa ya daina yarda da tuƙi. Muka kama hanya da sassafe a tsohuwar motata, kogi na hannun hagu yana ƙara faɗi, shi yana ta gyara zaman kwala. Shagon garin ƙarami ne, amma tsarin ɗaya ne. Kwafi ɗaya ya rage a can ƙarshe, kusa da bokitin goge ƙasa. Mai shagon na waya, Séverin ya ɗauko shi ya kai gaba, ya samar masa wuri daidai tsayin idon mace. Ya ja baya ya dube shi.

"Ya yi kyau a nan," ya ce.

"To mu tafi gida?"

"Tunda mun zo, a gaida mutane. Gaisuwa kawai. Kada ki ce komai, na san bakinki."

Réjeanne ta karɓe mu fiye da yadda na zata. Tsufa ya sassauta ta, ko kaɗaici. Ta zaunar da mu a kicin, ta zubo miyar wake mai zafi da burodi, tana ta kallon Séverin a sace. Hancinsu ɗaya da Ghislaine, har yadda take ture gashi da bayan hannu. Ya ɗauki cokali ya fara shan miyar.

"Na ga ka fitar da sabon littafi," ta ce.

Ya ajiye cokalin. "Kin gani?"

"Har na saya. Fada ne ya sa, limamin cocinmu. Ka san yanzu ba mu da namu, daga Afirka ake aiko mana, wannan ɗan Kamaru ne, yaron kirki, sanyi na wahalar da shi. Na ce me zan ba shi na Kirsimeti? Sai na tambayi mai shago ko akwai wani abu na can wajenku, ya kai ni baya, sai ga sunanka. Da na ga bishiyar nan na ce shi ke nan, zai tuna gida."

"Kin buɗe shi?" na tambaya. Séverin ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ni? Ina! Labaran can ba na gane su, sunaye masu karya harshe. Amma Fada ya ji daɗi. Ya ce mini wai duk dusar ƙanƙara ce a ciki, wai lallai in karanta." Ta yi dariya. "Akwai shi da barkwanci."

Ba wanda ya taya ta. Ta tashi ta ɗora ruwan shayi, ta tsaya a taga tana kallon kogi, ruwa ya janye ya bar taɓo baƙi har nesa.

"A can ne," ta ce. "Muna yara taɓo ya cinye mini takalmi, sabo fil. Ghislaine ta goyo ni har gida, ta ce wa Baba ita ta yar. Ya dake ta har ta kasa zama. Ban taɓa ce mata na gode ba. Yanzu ba wanda ya san wannan a duniya sai ni, in na tafi ya tafi." Ta juyo. "Kai da kake rubutu, Séverin, wata rana ka ɗan rubuta wani abu a kanta mana. Na san kana da naku labaran, amma ko shafi biyu."

Nan haƙurina ya ƙare. Ya taka ƙafata ko ya karya ta, bai dame ni ba.

"Baiwar Allah, ai ya rubuta! Littafin da kika ba Fada, daga farko har ƙarshe yayarki ce. Takalmin nan naki shi ne babin farko. Don ke aka rubuta shi, ita ta ce a rubuta miki!"

Na zaro kwafin da ke jakata na ajiye a gabanta. Na ɗauka za ta fashe da kuka, ta rungume shi, mu koma gida da labari mai daɗi. Ni da nake rubuta littattafai ya kamata in fi haka wayo.

Réjeanne ba ta taɓa littafin ba. Ta sunkuya ta dubi bishiyar, ta dubi jar ranar, ta karanta sunan a hankali da leɓɓanta. Fuskarta ta rufe, na ga matar layin baya ta coci ta dawo.

"Ghislaine a cikin wannan?"

"Ki buɗe shafin farko kawai," in ji Séverin. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Mutumin da ya ce ya gama roƙo, ga shi yana yi.

"Ghislaine ba ta taɓa taka can ba. Ko sau ɗaya."

"Bangon kuskure ne, Réjeanne. Ba ni na zaɓa ba. Abin da ke ciki..."

"Na san inda na same shi," ta ce. "Duk Asabar ina shagon nan. Da labarinta ne, da a gaba zan gan shi, wurin namu. Can baya aka kai ni." Ta tura littafin da ɗan yatsa har ya dawo gabansa. "Ka tafi da ita tana da rai, ban ce komai ba. Yanzu ta mutu ka kwashe ta, da ni, da takalmina, ka kai mu ƙarƙashin bishiyarku baƙi su karanta. Ka bar mana ita a nan ko a mace mana."

Butar shayi ta fara ihu, ba wanda ya sauke ta. Séverin ya miƙe, ya ɗauki littafin, ya gode mata da miya. Har da cewa ta yi daɗi.

A mota na zazzage. Na zagi Normand, na zagi na'ura, na zagi ƙauyen da kogin da wanda ya fara shuka kuka a duniya. Na ce mu je wurin Fada ya karanta mata a coci ko tana so ko ba ta so. Na ce mu yage bangon mu tura mata ta ƙarƙashin ƙofa.

"Ta riga ta ga bangon," ya ce. "Ko kin yage, shi za ta riƙa gani."

Muka shigo Rimouski. Ya ce in tsaya a shagon. Na ɗauka fitsari ne, na bi shi don kada ya faɗi a matakala.

Littafin na nan inda ya sa shi ɗazu, tsakanin 'yan gida, ba wanda ya lura. Ya tsaya a gabansa ya daɗe. Sannan ya zare shi, ya matso da na gefe suka rufe gurbin. Ya wuce girki, ya wuce karnuka, ya durƙusa da ƙyar kusa da bokitin, ya mayar da shi inda ya same shi.

"Malam, me kake yi haka?"

"Gobe Asabar," ya ce. "Za ta zo. Kada ta miƙa hannu a wurin nasu ta ci karo da ni."

Mai shagon ya gama waya ya taho yana murmushi, yana tambaya ko muna neman wani abu. Ya dubi Séverin a durƙushe, ya dubi kantar, ya ce in labaran Afirka muke so, akwai wannan mai bishiyar, an ce yana da kyau, marubucin ma wai a Montréal yake zaune.

"Na ji labarinsa," in ji Séverin. "Ba ɗan nan ba ne."

Ya miƙo mini hannu na ɗaga shi.